Isufu Biyu, Kujera Ɗaya

Ku da kuke zaune a shagunan bakin kasuwa, kowa da waya a hannu, kuna cewa sana'arku sayar da biye, wato tikitin jirgin sama, ina jin ku. Rannan na ji ɗayanku yana gaya wa wata mata wai ɗauke suna daga kan biye a sa na wani ba komai ba ne, a danna nan a danna can, shi ke nan. Dariya ta kama ni har tari ya sarƙe ni. Kai da ko rubutun hannunka ba ka iya karantawa, kai ne za ka gaya mini yadda ake ɗaga mutum daga kujera a ɗora wani? Shekara ashirin da wani abu na yi a biro, wato ofishin jirgi na nan Agadas, kuma wannan aikin da kuke rainawa shi ne na fi kowa iyawa a garin nan. Ku zauna ku ji inda iyawar ta kai ni.

Biyen farko da na rubuta, yaga shi aka yi a gabana. Wanda ya koya mini aiki sunansa Mushe Firmin, wani mutumin Dahome, gajere, mai ƙaton tabarau, wanda ya yi shekaru a garin nan amma Hausarsa ta ƙi nuna. A lokacin biye ɗan littafi ne mai shafi huɗu, bayan kowane shafi da jan karbon. Sai ka danne alƙalami yadda rubutu zai ratsa har na ƙarshe, amma kada ka huda na farko. Ba gogewa, ba kankarewa. Ka kuskure harafi ɗaya, biye ya mutu. Wata uku Mushe Firmin ya sa ni ina cika bayan tsoffin takardu da manyan haruffa kafin ya bar ni na taɓa na gaske, kuma ran da na taɓa na rubuta Tawa a gurbin Yamai. Ya ɗaga shi sama da yatsa biyu, ya ce, "Sidi, wannan mutum so kake ya sauka rabin hanya?" Ya yaga, ya sa ni na share biro.

Kayan aikinmu ba su da yawa: alƙalami, hatimin kwanan wata, wani ƙarfe mai hannu da ake danne biye da shi ya fito da sunan kampani, sai ma'auni a bakin ƙofa. Jirgin ƙarami ne, sau biyu yake zuwa a mako, saboda haka ba kaya kaɗai muke aunawa ba, har mai kayan. Ku gwada gaya wa matar babban ɗan kasuwa ta hau ma'auni a gaban jama'a, ku kuma faɗi nauyinta da ƙarfi don mai rubutu ya ji, sannan ku zo mu yi maganar wahalar aiki. Wata Hajiya ta taɓa rantsewa ma'aunin ne ke da aljanu. Mushe Firmin ya ce mata e, gaskiya ne, amma aljanun su ma za su hau jirgin.

Masu zuwa wurinmu iri uku ne. Akwai Turawa masu yawon kallon duwatsu, su ba su da matsala sai yawan tambaya. Akwai 'yan kasuwa da ke son kujera yau-yau, a jirgin da ya cika tun makon jiya. Sai ma'aikatan gwamnati, masu zuwa da bon. Bon takarda ce da gwamnati ke ba ma'aikacinta in zai tafi hutu ko an kira shi Yamai, ya kawo mana, mu rubuta masa biyen zuwa da dawowa, kuma kujerarsa ba mai taɓa ta. To malamin lakwal, wato na makaranta, ko malamin likita da aka jefo nan daga kudu, albashi bai kai masa ƙarshen wata, ya fi so ya hau bayan kamyo, babbar motar kaya, ya sha kwana huɗu na azaba, tunda a lokacin ba a shimfiɗa hanya ba, in dai bon ɗin zai zama wani abu a aljihunsa. Ga mai kujera ba ya so, ga mai so ba shi da kujera. Abin da ya raba su kalma biyu ce da aka buga a saman takardar: Non transférable. Wato ba a ba wani.

Mushe Firmin ne ya nuna mini ƙofar, wata rana muna shan shayi. Ya ce, "Kampani bai san mutum ba. Suna ya sani." A ƙasar nan kuwa sunan mutum a takarda shi ne nasa da na ubansa, kuma sunayen namu ba su taka kara sun karya ba. Je ka tsakiyar kasuwa ka ƙwala kiran Mahamadu Abdu ka ga kawuna nawa za su juyo. Saboda haka mu ba mu taɓa sauya suna a kan biye ba, wannan aikin sakarkaru ne. Mutumin muke sauyawa. In Mahamadu Abdu malamin lakwal ya kawo bon, sai in nemo wani Mahamadu Abdu mai son tafiya, su daidaita tsakaninsu, a ba ni la'adata. Wuyar ita ce ba wanda ake kira da sunansa na yanka. Kowa Tanko ne, ko Dogo, ko Ɗan Juma. Sai na zama mai zuwa kowane taron suna da kowace ta'aziyya, ina gaida tsofaffin mata, ina tambayar wane ɗan wane ne, har aka fara yabona da zumunci. Akwai lokacin da in ka ba ni suna da safe, kafin azahar na kawo maka takwarori uku ka zaɓa.

Wani aikin da har yau in na tuna nake dariya, na wani mahauci ne. Na ɗora shi a bon na wani malamin likita, na sa masa farar riga, na ce in an tambaye shi aiki ya ce "infirmier" ya rufe baki. Ashe a sama wani fasinja zai suma. Aka duba takardar sunaye, aka ce ai akwai malamin likita a jirgi. Mutuminku ya tashi, ya kama wuyan mai suman ya karkata shi kamar yadda ya saba yi wa rago, ya watsa masa ruwa, ya tofa masa addu'a. Allah ya sa mutumin ya farka. Har Yamai ana ce masa dokta, wata mata ma ta nuna masa ƙafarta da ta kumbura. Daga ranar na ƙara yarda da kaina. Na ce duk wanda na koya wa kalma ɗaya ta Faransanci, ba mai kama shi.

Sai shekarar nan ta zo, wadda fari ya kai maƙura, sojoji kuma suka karɓi mulki. Dabbobi sun ƙare, mutanen daji sun taru a bayan gari a ƙarƙashin tsummoki, rijiyoyin garka, wato lambu, sun yi ƙasa har igiya ba ta kaiwa. Turawan yawo suka ɗauke ƙafa, Turawan agaji suka maye gurbinsu. Kujerar jirgi ta yi wuya, don ko ka riƙe biyenka a hannu, wani mai kaki na iya zuwa da takarda a sauke ka. Kujerar bon ce kaɗai ta tsira. Sojojin kuma da zafinsu suka zo, suna farautar duk wanda ya ci hatsin agaji, kowa na tafiya a takure.

A cikin wannan hali wani mai garka daga wajen Dabaga ya zo biro, matarsa na biye da shi. Idonsa na hagu ya mutu tun yana yaro. Yanzu kuma ƙayar dabino ta soke shi a na dama, ya yi ja, yana zubar da ruwa. Likitan nan ya gaya masa ba abin da zai iya, sai Yamai, kuma kada ya wuce mako biyu, kada ya hau kamyo, girgiza da rana za su ƙarasa idon. Ya ce, "Mushe, an ce kai ka san hanyar jirgi. Ido guda ya rage mini. In ya tahi, garka ta tahi." Na tambayi sunansa na yanka. Ya miƙo takardar lanho, wato ta haraji, na karanta: Isufu Mahaman. Na ce ya je ya jira, amma a raina ban ga inda kujera za ta fito ba.

Kwana biyu bayan haka wani Isufu Mahaman ɗin ya shigo. Wannan kowa ya san shi, shi ne magazinye, mai riƙe da makullin magazar da ake tara hatsin agaji. Mutum ne mai tumbi a shekarar da ba mai tumbi. Ya ajiye bon a gabana, ya ce shi tafiyar ba ta yi masa ba, in samu wani mabuƙaci in ba shi. Na ce nawa yake so. Ya ce, "Haba Sidi, a wanga lokaci? Sadaka ce." Ku ji fa. Mutumin da ko gaisuwa ba ya bayarwa kyauta. Kuma a layin dalilin tafiya, inda aka saba rubuta "congé", hutu, wannan an rubuta "convocation", kira ke nan daga sama, da wani hatimi da ban taɓa gani ba. Na gani da idona, na karanta. Amma sunan ya rufe mini ido, harafi da harafi ya dace, ga shi ba ko sisi. Na ce wannan Allah ne ya haɗa, ni kuma zan samu lada. Ko la'ada ban karɓa ba, don in cika ladan.

Ranar na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na ara wa Isufu mai garka rigata ta ma'aikata mai aljihu huɗu. Na sa masa baƙin tabarau, ya rufe idanun duka, ya kuma ba shi kamar babban mutum. Na zaunar da shi a bayan biro muna maimaitawa.

"Nom?"

"Isufu Mahaman."

"Profession?"

"Magazinye."

Ya ce, "Mushe, mi ne ne magazinye?"

Na ce, "Ba ruwanka. Kai dai ka faɗa. Kuma ka ji da kyau: duk wanda ya tambaye ka, ko jandarma ne, ko soji, ko sau nawa ne, kada ka sauya magana. Za su gwada ka su ga ko za ka rikice. In ka sauya, za su dawo da kai, likita ba zai gan ka ba, ni kuma ka kashe ni."

Ya ce, "In sha Allahu ba ni ba ka kunya."

Ran talata na auna shi, na raka shi har gindin jirgi. Jandarman filin sabo ne, bai san fuskar kowa ba, ya dubi takarda ya sara masa. Na dawo biro ina jin kaina.

Ran alhamis sojoji suka fasa ƙofar magaza, suka tarar da rabinta iska ce. Ba su nemi magazinye ba, don labari ya riga ya zo ta waya cewa an kama shi yana saukowa daga jirgi a Yamai, kuma ya amsa da bakinsa. Shi kuwa mai tumbin, tun ran litinin ya bi wani ayari ya yi arewa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kwanakin da yake buƙata ya tsere, ni na ba shi su, da hatimina a kai.

Na gaya wa Mushe Firmin. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ka rubuta biye daidai? Suna daidai? Alors, ka yi shiru. Za su gane da kansu." Na yi shiru. Tsoro ne, ba wani abu ba, ba zan sa masa wani suna ba. A lokacin in soji ya kira ka, sallama kake yi da gida. Na riƙa gaya wa kaina ai ko makaho ya taɓa tafin hannun mutumin nan ya san igiyar rijiya yake ja, ba makulli yake riƙewa ba. Matarsa kuwa ta tare a gidan 'yan'uwa a nan gari, duk ranar jirgi tana bakin shingen waya a filin jirgi, tana duban masu sauka. In sun ƙare sai ta zo ta ce, "Mushe, mai gidan nawa bai zo ba?" In ce, "Likita bai sallame shi ba tukuna, Inna. Aikin ido sai a hankali." Sau shida na faɗi wannan magana. Mako uku ke nan, likita kuwa mako biyu ya ce.

A na bakwai ta kawo mini dabino a ƙullin zane, wai ta gode da ɗawainiya. Shi ne na kasa jurewa. Na rufe biro na tafi bariki.

Kapitan ɗin da ke riƙe da gari saurayi ne, siriri, bai kai ni shekaru ba. Ya bar ni a tsaye na gama bayani, yana wasa da sanda a kan tebur. Sannan ya ce, "Wa ya rubuta biye?"

"Ni ne, mon capitaine."

"Sunan da ke kai ƙarya ne?"

"A'a, sunansa ne."

"To. Mun nemi Isufu Mahaman, magazinye. Ka aiko muna Isufu Mahaman. An tambaye shi aikinsa, ya ce magazinye. An tambaye shi da lalama, ya ce magazinye. An tambaye shi ba da lalama ba, ya ce magazinye. An ce ina hatsi, ya ce shi dai magazinye ne. Can sun ce ba su taɓa ganin ɓarawo mai taurin kai irinsa ba. Yanzu kai ka zo ka ce ka fi shi sanin ko shi wane ne?"

Na ce, "Ni na koya masa kalmar. Bai san ma'anarta ba."

Ya dube ni, ya ce, "Kai malami ne na ƙwarai." Ya sa aka aske mini kai, aka kai ni kaso. Kwana goma sha biyu ina sauke buhunan agaji daga kamyo a tsakar rana. Sannan aka sake ni, ba don tausayi ba, sai don Mushe Firmin ya kwanta zazzaɓi, jirgi na zuwa, kuma duk garin ba mai iya danne shafi huɗu ba tare da ya huda na farko ba. Wani babban soja ne zai yi tafiya. Aka fito da ni na rubuta masa biye, kaina na ƙyalli.

Kapitan ya rubuta takarda zuwa Yamai, wannan ban hana masa ba. Amma takardar gwamnati ba ta hawa jirgi ko da an sa ta a jirgi. Ta bi biro-biro, ana buga mata hatimi, har wata biyu. Da ta isa aka fito da Isufu, aka kai shi wurin likitan idon da ya je nema. Likita ya ɗaga fatar idon, ya duba, ya ce a mai da shi gida.

Wata safiya ina gyara ma'auni sai ga su a bakin ƙofa. A bayan kamyo ya dawo, tunda yanzu ba abin da girgiza za ta ɓata. Matarsa na riƙe da kan sanda, shi yana riƙe da gindinta. Rigata mai aljihu huɗu na jikinsa, ta yi masa yawa, an wanke ta tas. Matar ba ta gaishe ni ba, kuma ba ta sake gaishe ni ba har ta bar duniya. Na tashi tsaye. Na shirya jin zagi, har ina fatan ya zage ni.

Ya ce, "Mushe Sidi, kana nan?"

"Ina nan, Malam Isufu."

"To alhamdu lillahi. Can ina ta tunaninka, na ce kada in rikice su zo su taɓa ka. Sun gwada ni ƙwarai, yadda ka ce. Har da bulala sun gwada. Amma ko sau guda ban sauya ba, ka tambaye su."

Ya saki sandar, ya laluba aljihun sama, ya fito da biyen, ya lanƙwashe, gumi ya jiƙa jan karbon ɗin ya ɓata gefensa. Ya miƙo shi wajen da yake zaton nake tsaye, ya ɗan kauce, sai ma'auni ya miƙa wa.

Ya ce, "Ga na dawowa, ban hau ba, shina nan lahiya lau. Kada shi lalace a banza. Ka duba ko akwai wani Isufu da ke so."